Jakadun Taiwan da Ba a Kiransu Jakadu

A ranar 1 ga Janairun 1979 Amurka ta yanke hulɗar jakadanci da Taiwan, ta amince da gwamnatin Beijing. Amma ciniki tsakaninsu bai tsaya ba, masu neman biza ma ba su daina zuwa ba. Sai aka nemo dabara: aka kafa wata cibiya da ake kira AIT, aka yi mata rajista a matsayin ƙungiya mai zaman kanta da ba ta neman riba. Kuɗinta kuwa daga aljihun gwamnati yake fitowa, ma'aikatanta kuma jami'an diflomasiyya ne. Shekara da shekaru, duk wanda aka tura Taipei, babban birnin Taiwan, sai ya ajiye aikin gwamnati a takarda, in ya gama a mayar da shi bakin aikinsa kamar ba a yi ba. Japan ce ta fara wannan wayo tun 1972.

Tushen rigimar shi ne 1949, lokacin da Chiang Kai-shek, jagoran gwamnatin Jamhuriyar Sin, ya sha kaye a hannun 'yan kwaminis, ya tsallaka tsibirin Taiwan da gwamnatinsa. Kowane ɓangare ya ce shi ne halastaccen mai mulkin ƙasar Sin. A 1971 Majalisar Ɗinkin Duniya ta miƙa wa Beijing kujerar Sin, Beijing kuma ba ta ɓoye sharaɗinta: ba a haɗa ta da Taipei.

Afirka ta ga ja-in-ja a kan wannan. Nijar ta koma wajen Taiwan a 1992, ta sake juyawa Beijing a 1996. Chadi ta bi sahu a 2006, Burkina Faso a 2018. Eswatini kaɗai ta rage a nahiyar.

Nijeriya ta ƙulla da Beijing tun Fabrairun 1971, duk da haka a farkon shekarun 1990 ta bar Taiwan ta buɗe ofishin kasuwanci a Legas, wanda daga baya ya koma Abuja. A nan gizo ya yi saƙar. Ofishin da ke zaune a babban birnin tarayya, kusa da ofisoshin jakadancin ƙasashe, da sunan "Jamhuriyar Sin" a jikin allonsa, wa zai hana a ɗauke shi ofishin jakadanci? A Janairun 2017, yayin ziyarar ministan harkokin wajen Sin, Wang Yi, takwaransa Geoffrey Onyeama ya sanar cewa ofishin zai bar Abuja, a kuma rage ma'aikatansa. A tsakiyar shekarar 'yan sanda suka garƙame shi. Farkon 2018 ya sake buɗewa a Legas da sunan Ofishin Kasuwancin Taipei. Aikin nan dai shi ne: biza, tallafin karatu, haɗa 'yan kasuwa da masana'antu. Allo da adireshi ne suka canza, kuma a wajen Beijing su ne maganar.

Lithuania ta ɗanɗana haka a Nuwamban 2021, da ta bar ofishin da aka buɗe a Vilnius ya ɗauki sunan Taiwan maimakon Taipei. Beijing ta rage matsayin hulɗarta da ƙasar, kayan Lithuania kuma suka riƙa maƙalewa a hannun kwastan na Sin.