Labarin Wata 'Yar Kalma Mai Nufin Ƙetare

Ran nan ina koya wa 'yan ajina Turanci a nan Karaye, sai wani yaro ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, ga transport, ga transfer, ga translate, duk kawunansu iri ɗaya. Shin 'yan gida ɗaya ne?" Na ce masa, "Madalla da wannan tambaya. Lalle 'yan gida ɗaya ne, kakansu kuwa ya haura shekara dubu biyu." Da na koma gida sai na ga amsar da na ba shi ta yi gajarta, shi ya sa na ɗauki alƙalami domin in ƙarasa masa, sauran 'yan makaranta kuma su samu rabonsu.

Wanda ya tashi a ƙauyukan bakin kogin Calawa ba ya bukatar a gaya masa abin da ake nufi da ƙetare. Tun kafin a gama madatsar ruwa a 1992, in damina ta yi tsaka, kogi ya kawo, sai ka tarar da mutane cirko-cirko a gaɓa, da jakunansu da kayansu, suna jiran ruwa ya janye. Na wannan gaɓa suna kiran na waccan mutanen ƙetare, su ma na can haka suke kiran na nan. To, ku riƙe wannan hoto a zukatanku, gama duk abin da zan faɗa a kansa ya rataya.

Mutanen birnin Roma na dā, waɗanda suka mallaki ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, harshensu shi ake kira Latin. A cikinsa akwai wata 'yar kalma, trans, ma'anarta ƙetare, ko tsallake, ko daga wannan gefe zuwa wancan. Sukan ajiye ta ita kaɗai gaban sunan kogi ko dutse, sukan kuma liƙa ta a goshin wata kalma su haifi sabuwa. Da mulkin Romawa ya faɗi a yamma a shekarar 476, harshen bai bi shi kabari ba. Ya rikiɗa ya zama Faransanci da Italiyanci da 'yan'uwansu, malamai kuwa suka ci gaba da rubutu da shi ɗaruruwan shekaru. A 1066 mutanen Normandi, masu magana da Faransanci, suka ci Ingila da yaƙi, kalmominsu suka kwarara cikin Turanci, daga baya malamai suka ƙaro wasu daga littattafai. Ta haka trans ta ƙetare ruwa ta shiga Ingila, har ta iso allon makarantarmu.

Bari mu fasa kaɗan daga cikinsu kamar yadda ake fasa goro, mu ga ɓari biyu. Portare a Latin shi ne ɗaukar kaya, saboda haka transport ɗaukar kaya ne a ƙetarar da shi, watau sufuri. Ire shi ne tafiya, daga nan aka sami transit, watau ratsawa ta wuri ba tare da an zauna ba, kamar yadda fatake ke yada zango su tashi da asuba. Scribere shi ne rubutu, transcribe kuwa kwafe rubutu daga wannan takarda zuwa waccan, aikin da almajiran malamanmu suka sani sarai. Mittere shi ne aikawa, transmit kuwa aika abu ya tsallaka, kamar yadda gidan rediyo ke aiko da murya. Parere shi ne bayyana, abin da ke transparent kuwa shi ne wanda ido ke ratsa shi ya ga na bayansa, kamar gilashin fitila.

Akwai biyu da ya kamata ku lura da su ƙwarai. Kalmar Latin ta ɗauka, watau ferre, tana sake kama gaba ɗaya in an juya ta, ta koma latus, abin da aka ɗauka. Saboda haka transfer da translate asalinsu kalma guda ce, amma da suka shiga Turanci sai suka raba gado. Ta farko ta ɗauki mutum da kuɗi da kaya, ita ce har Bahaushe ya ara yake cewa an yi wa ma'aikaci tiransifa, ko an yi tiransifar kuɗi ta waya. Ta biyu ta ɗauki magana, watau fassara. Ga Baroma, mai fassara ɗan dako ne, kayansa magana, yana tsallakar da ita daga gaɓar wani harshe zuwa ta wani.

Yanzu mu juya ga taswira, inda kalmar nan ta bar sawu mai yawa. Romawa suna zaune kudu da manyan duwatsun Alps, waɗanda Hanibal, jarumin Kartaj ta ƙasar Tunisiya ta yau, ya ƙetare da giwayensa a shekarar 218 kafin haihuwar Annabi Isa. Ƙasar Golawa da ke gefensu suka kira ta Gallia Cisalpina, watau ta wannan gefen duwatsu, wadda ke bayan duwatsun kuwa, inda Faransa take yanzu, suka ce mata Gallia Transalpina. A cikin birninsu ma unguwar da ke hayin kogin Taiba sun kira ta trans Tiberim, har yau kuwa Italiyawa na ce mata Trastevere. Turawan baya suka gaji wannan hanya ta raɗa suna. Boyawa da suka taso daga kudancin Afirka ta Kudu suka haye kogin Vaal bayan 1835, ƙasar da suka sauka aka kira ta Transvaal, sunan bai gushe ba sai 1994. Masarautar da aka kafa gabas da kogin Urdun a 1921 aka kira ta Transjordan, domin masu raɗa sunan daga yamma suke hangenta. Bayan ta sami mulkin kanta a 1946 ba a daɗe ba aka yar da wannan goshi, aka bar Jordan kawai, gama ba mai yarda a ce gidansa ƙetare ne.

Kada ku zaci Turawa kaɗai ke yin haka. Larabawa da suka haye kogin Jaihun wajen gabas, suka ci Bukhara a 709 da Samarƙandu a 712, sun kira wannan ƙasa Ma Wara'an Nahari, watau abin da ke bayan kogi, Turawa kuma suka ce mata Transoxiana. A wannan ƙetaren aka haifi Imamu Bukhari a 810, Imamu Tirmizi ma mutumin can ne. Ku duba, ƙasar da aka ɗauka bakin duniya ce ita ta fitar da malaman da ake karanta littattafansu a zaurukan Kano. Kusa da mu kuma, mutanen Sanwai na bakin Kwara suna kiran gaɓar kogin ta hagu Hausa, ta dama Gurma. Mu kanmu muna da garin Ƙetare a ƙasar Katsina, da Hayin Dogo a Zariya, da Hayin Banki a Kaduna, muna kuma ce wa Ingila da Amurka ƙasashen ƙetare. Abin da za ku koya a nan shi ne, duk inda kuka ga wannan kalma a jikin sunan ƙasa, ku tambaya, wa ya raɗa sunan, a wace gaɓa yake tsaye? Sunan yana ba da labarin mai raɗawa fiye da na mutanen wurin.

Ƙasarmu ma ta shiga wannan lissafi. Cinikin da kakanninmu suka yi da mutanen arewa, littattafan Turawa suna kiransa trans-Saharan, watau na ƙetaren Sahara. Ayarin raƙuma kan tashi daga Kano ya bi ta Agadas da Gat da Gadamas, ya yi watanni kafin ya ga Tarabulus. Yana fita da baƙin rini da jan kirgi da hauren giwa da gashin jimina, da bayi kuma, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Yana komowa da takarda da alharini da takubba da littattafai. Ta wannan hanya Bature Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya ga kasuwar Kurmi ya yi mamaki. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai fuskar ciniki ta juya kudu wajen Ikko da teku, ayari ya yi ta raguwa, gyaɗa da audugar ƙauyukanmu suka kama hanyar tasha a bayan jakuna. Ƙetaren rairayi ya ba ƙetaren ruwa wuri.

Saura kalmar da ta fi duka nauyi, ita kuwa ta ɓad da kama. A gaban wasu baƙaƙe trans takan gajarce ta koma tra. Dare a Latin shi ne bayarwa, da aka haɗa su sai aka sami tradere, watau miƙa abu daga hannu zuwa hannu. Wannan kalma ta haifi 'ya'ya biyu da ba sa ga maciji. Ɗaya tradition, watau al'ada, abin da uba ya miƙa wa ɗa, malami ya miƙa wa almajiri. Ɗaya kuwa traitor, watau maci amana, wanda ya miƙa ɗan'uwansa ko garinsu ga abokan gaba. A shekarar 303 Sarkin Roma Diyokilitiyan ya ba da umarni a ƙwace littattafan Kirista a ƙone. Waɗansu shugabanninsu suka ƙi har aka kashe su, waɗansu suka ji tsoro suka miƙa. Waɗanda suka miƙa ɗin aka kira su traditores, mamiƙa. Bayan wahala ta wuce sai gardama ta tashi a Kartaj kan ko irin waɗannan za su sake shugabantar jama'a, gardamar da ta raba Kiristan Afirka ta Arewa gida biyu fiye da shekara ɗari. Hannu ɗaya ne ke yin miƙawar duka biyu. Abin da ya raba su shi ne me aka miƙa, wa aka miƙa wa, da wace niyya.

To, ya ku 'yan makaranta, ga inda maganar ta shafe ku. Duk wanda ya iya harshe biyu ya zama mai fito, ko ya so ko ya ƙi. Tsofaffi suna ba da labari cewa farkon zuwan Turawa, bayan an ci Kano a 1903, talaka ba ya jin Bature, Bature ba ya jin talaka, sai abin da tafinta ya faɗa. Tafinta mai tsoron Allah ya kuɓutar da mutane da yawa. Wanda ba shi da shi kuwa yakan ƙara gishiri, ko ya rage, ko ya juya magana gaba ɗaya saboda abin da aka danƙa masa a ɓoye, mai gaskiya ya tafi gidan yari bai san abin da aka ce ya ce ba. Ba banza ba Italiyawa ke da karin magana mai haɗa mai fassara da maci amana, domin a harshensu sunayen biyu kusan ɗaya ne, duka kuwa jikokin trans ne. Mu ma mun ce zuwa da kai ya fi saƙo, amma wanda ba ya jin harshen ba shi da ikon zuwa da kai, dole ya dogara ga ɗan saƙo.

Akwai kuma misali mai kyau da za ku bi. Hukumar Fassara, wadda ta zauna a Zariya a hannun Dokta East, ta tara malamai suka juya tsofaffin littattafan tarihi na Larabci zuwa Hausa, aka buga su da sunan Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, har wanda bai yi zurfi a Larabci ba ya iya karanta labarin sarakunan Kano. A gasar da hukumar ta shirya a 1933 aka sami littattafan hikaya na farko cikin boko, ɗaya daga cikinsu, Idon Matambayi, na Malam Muhammadu Gwarzo ne, mutumin garin da ke maƙwabtaka da mu. Waɗannan malamai sun ƙetarar da ilmin kakanni zuwa ga jikoki, kaya ya isa gaɓa bai jiƙe ba.

Gobe ku ne za ku karanta wa tsohuwa takardar asibiti, ku bayyana wa manomi abin da ke cikin takardar rance kafin ya dangwala yatsa, ku tsaya tsakanin alƙali da wanda ake tuhuma. Wanda ya ce wa tsohuwa ƙwaya uku inda likita ya rubuta ɗaya, ko da ganganci ko da kasala, ya kifar da kwalekwale a tsakiyar ruwa. In kun ci karo da kalmar da ba ku sani ba, ku ce a dakata, ku tambayi wanda ya fi ku, wannan ba abin kunya ba ne.

Sai gargaɗi ɗaya kafin in ajiye alƙalami. Kama da wane ba ta wane. Ba duk kalmar da ta fara da tra ce 'yar wannan gida ba. Tarakta ta noma daga trahere ta fito, watau ja, domin jan garma ne aikinta. Taransifoma ta wutar lantarki kuwa 'yar gida ce ta haƙiƙa, gama forma siffa ce, ita kuwa tana juya ƙarfin wuta daga wani mataki zuwa wani. Saboda haka in kun fasa kalma, ku duba ƙamus ya tabbatar muku kafin ku yanke hukunci.

Ga aikin da na ba ku. Cikin makon nan kowa ya tsinto kalmomi biyar masu wannan goshi daga littafin karatunsa, ya fasa su, ya nemi abin da ake ƙetarar wa a cikin kowace, sa'an nan ya samo mata Hausar da kakarsa za ta gane. Wanda ya iya wannan ya fara zama mai fito na kirki. Allah ya sa mu cikin masu isar da amana, amin.