Madannai Biyar: Daga Tangaraho Zuwa Kwamfuta

Duk wanda ya zauna gaban kwamfuta a yau yana tarar da allo mai madannai masu yawa, har ya ɗauka haka abin ya taso. Alhali kuwa tarihi ya nuna cewa sau biyu masu fasaha suna gwada wata hanya dabam, wato a rage madannai su koma biyar, daidai da yatsun hannu ɗaya.

Na farkonsu shi ne Emil Bodo, ma'aikacin wayar tangaraho a Faransa. Ya ƙera wata na'ura mai madannai biyar masu kama da na piyano. Ma'aikaci yana danna biyu da hannun hagu, uku da na dama, kowane harafi kuma yana da nasa haɗin. Da yake kowane madanni ko dai a danne yake ko a sake, madannai biyar suna ba da haɗi 32. Hukumar tangaraho ta Faransa ta karɓi tsarin a 1877. Sai dai aikin na bukatar horo mai tsanani, domin dole ma'aikaci ya riƙa danni daidai da bugun na'urar, ba gaggawa ba jinkiri.

Bayan kusan shekara casa'in, dabarar ta sake kunno kai a Kalifoniya ta Amurka, a cibiyar bincike ta Stanford. Daglas Engelbat yana neman hanyar da mutum zai yi aiki da kwamfuta ba tare da ya ɗauke idonsa daga allo ba. A 1964 abokin aikinsa Bil Ingilish ya sassaƙa wani ɗan akwatin katako, ya sa masa ƙafafun ƙarfe biyu a ƙasa da madanni ɗaya a sama. Wannan shi ne linzamin kwamfuta na farko, wanda suka laƙaba wa sunan ɓera saboda wayarsa mai kama da wutsiya. Domin hannun hagu kuwa, suka ƙera ƙaramin allo mai madannai biyar: na farko ya ba da a, na biyu b, a haɗa su biyun a sami c, haka har haɗi 31. Madannai uku da aka ƙara wa linzamin daga baya su ke sauya ƙananan haruffa zuwa manya ko zuwa alƙaluma.

Ranar 9 ga Disamba 1968, a birnin San Faransisko, Engelbat ya shafe minti 90 yana nuna aikin gaban mutane kimanin dubu. Amma ƙaddarar na'urorin biyu ta bambanta. Linzami ya bi Ingilish zuwa kamfanin Xerox a 1971, ya shiga gidajen jama'a tare da Macintosh na Apple a 1984, da madanni ɗaya tak. Allon madannai biyar kuwa aka bar shi a baya. Dalili a fili yake: linzami ana iya shi nan take, shi kuwa allon sai an haddace haɗe-haɗensa. Engelbat, wanda ya rasu a 2013, yakan kwatanta lamarin da keke mai ƙafa uku da mai ƙafa biyu. Na farkon ba ya kayar da kowa, amma mai tafiya mai nisa na biyun yake hawa.

Hausawa kan ce da tsohuwar zuma ake magani. Tun da aka fito da ƙaramin allon lantarki na Arduino a garin Ibireya na Italiya a 2005, musamman samfurin Leonardo na 2012 wanda kwamfuta ke ɗauka tamkar allon rubutu, ƙera irin wannan na'ura ya sauko hannun ɗalibai. Abin bukata shi ne allon, da madannai kaɗan, da waya, da gajeren umarni da zai faɗa wa kowane madanni aikinsa.

A nan darasin ya shafi malaman harsunan ƙasa. Allon AZERTY da ke makarantu da ofisoshin Nijar an tsara shi ne domin Faransanci. Babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a kansa, shi ya sa ake rubuta “kofa” a wurin “ƙofa”, “bari” a wurin “ɓari”. Bodo da Engelbat sun duba hannun ɗan Adam da aikin da ke gabansa, sannan suka ƙera kayan aiki daidai da su. Haruffa huɗun nan ma, madannai huɗu suke jira.