Bikin Cheltenham na 2025: yadda ake tseren tsallake shinge da dawakin da ake sa wa ido

Daga Talata 11 zuwa Juma'a 14 ga Maris, 2025, hankalin masu sha'awar tseren dawaki a Birtaniya da Ayilan ya koma Cheltenham, wani gari da ke yankin Gloucestershire a yammacin Ingila. Kwana huɗu aka yi, tsere 28, bakwai kowace rana. Maganar da ke bakin kowa kafin bikin ita ce ko Galopin Des Champs zai ci Gold Cup karo na uku a jere. Kafin mu zo kansa, bari mu fara da yadda wasan yake, saboda wanda bai saba gani ba.

Wane irin tsere ne?

Wannan ba sukuwa ce kawai a miƙaƙƙen fili ba. Doki na gudu ne yana tsallake shingaye, kuma shingen iri biyu ne. Akwai ƙarami, tsayinsa ya ɗan haura mita ɗaya, in doki ya buge shi yakan kwanta. Akwai babba, kusan mita ɗaya da rabi, wanda ake cusawa da rassan itace, wani da rami a gabansa, wani da ruwa a bayansa. Shi kam in doki ya yi masa ganganci, sai dai a gan shi a ƙasa shi da mahayinsa.

Yawancin dawakin dandaƙaƙƙu ne. Tunda ba za a ajiye su don barbara ba, sukan shekara da shekaru suna tsere, shi ya sa 'yan kallo ke sanin kowane doki da halinsa. Goɗiya ma na shiga, kuma in za ta kara da maza a manyan tsere ana rage mata nauyin da za ta ɗauka da kusan kilo 3.

Filin Cheltenham yana da hawa da gangara. Bayan shingen ƙarshe tudu ne har zuwa layin gamawa. Doki da yawa sun tsallake na ƙarshe suna gaba, tudun nan ya cinye musu ƙarfi aka wuce su.

A bikin 2025 kowace rana babban tseren ya tashi ƙarfe 4 na yamma agogon Ingila, wato ƙarfe 5 ke nan agogon Najeriya.

Talata: Champion Hurdle

Tun 1927 ake yin sa. Nisansa ya ɗan haura kilomita 3, ƙananan shingaye takwas. Wanda aka fi sa wa ido a 2025 shi ne Constitution Hill na bargar Nicky Henderson, Nico de Boinville ke hawansa. Kafin bikin 2025 sau goma ya fito tseren shinge, sau goma ya ci. A 2023 ya ba State Man tazarar tsawon doki tara a wannan tsere. A 2024 rashin lafiya ta hana shi zuwa, State Man na Willie Mullins ya ɗauke kofin. Ya dawo ranar 26 ga Disamba a Kempton ya doke goɗiya Lossiemouth, sannan ya sake ci a Cheltenham a Janairu, sai dai ya yi tuntuɓe a shingen ƙarshe har gaban magoya bayansa ya faɗi.

Kada a manta da Brighterdaysahead, goɗiyar Gordon Elliott. Sau biyu ta doke State Man a ƙarshen 2024, na biyun a Leopardstown ta bar wanda ya zo na biyu da tsawon doki 30.

Laraba: Queen Mother Champion Chase

Nisan kusan ɗaya ne da na Talata, amma manyan shingaye ne, ga gudu kamar ana korarsu. Jonbon, shi ma na Henderson, ya ci duk tsere ukun da ya yi a kakar kafin bikin 2025, har da na Ascot a Janairu inda ya doke Energumene, zakaran 2022 da 2023. Matsalarsa ɗaya: kafin 2025 bai taɓa ci a wannan biki ba. Na biyu ya zo a 2022, na biyu a 2023.

Akwai kuma Marine Nationale na Barry Connell. Michael O'Sullivan, mahayin da ya ci tseren buɗe biki da shi a 2023, ya rasu ranar 16 ga Fabrairu yana da shekara 24, bayan faɗuwar da ya yi a filin Thurles na Ayilan. A 2025 an sa wa tseren buɗe bikin sunansa. Ka ga ke nan haɗarin wasan nan ba kan dawaki kaɗai ya tsaya ba.

Alhamis: Stayers' Hurdle

Wannan na masu dogon numfashi ne, kusan kilomita 5 a kan ƙananan shingaye. Teahupoo na Gordon Elliott ne ya ci a 2024, kuma shi ake gani a gaba kafin bikin 2025, musamman in an yi ruwa ƙasa ta yi laushi. Home By The Lee na Joseph O'Brien, wanda ya ci a Leopardstown a Disamba, shi ne zai fi matsa masa.

Juma'a: Gold Cup

To ga uban tafiyar. An fara shi a 1924. Nisansa kusan kilomita 5.3, manyan shingaye 22, kowane namiji na ɗauke da kusan kilo 74 na mahayi da sirdi. A shekara ɗari dawaki huɗu kacal suka ci shi sau uku ko fiye: Golden Miller sau biyar daga 1932 zuwa 1936, Cottage Rake daga 1948 zuwa 1950, Arkle daga 1964 zuwa 1966, sai Best Mate daga 2002 zuwa 2004.

Galopin Des Champs haifaffen Faransa ne, shekararsa 9 a 2025, Willie Mullins ke horar da shi, Paul Townend ke hawa. Ya ci a 2023 da 2024. A kakar da ta gabaci bikin 2025 Fact To File, abokin bargarsa, ya doke shi a Punchestown a Nuwamba, amma a gajeren zango ne. Da aka koma dogon zango a Leopardstown ya rama sau biyu, a Disamba da Fabrairu. In ya ci, Townend zai zama yana da Gold Cup biyar, ya wuce Pat Taaffe, mahayin Arkle, wanda kafin bikin 2025 suke kunnen doki da huɗu-huɗu.

Su wa za su iya tare shi? Na farko Banbridge na Joseph O'Brien, wanda ya ci King George a Kempton ranar 26 ga Disamba. Shi ya fi son busasshiyar ƙasa, kuma Kempton ba tudu, nisan ma bai kai na Gold Cup ba, don haka ana shakkar ko numfashinsa zai kai. Na biyu Inothewayurthinkin na Gavin Cromwell, ɗan shekara 7 a 2025, wanda ya riga ya ci dogon tsere a wannan fili a 2024, ya kuma zo na huɗu bayan Galopin a Fabrairu yana ƙara ƙaimi a ƙarshe. Ba ya cikin jerin farko, sai mai shi J.P. McManus ya biya fam dubu 25 kafin a shigar da shi a makare. Shi kuwa Fact To File, shi ma na McManus, an fi sa ran za a kai shi Ryanair Chase na ranar Alhamis, mai gajeren zango.

Ingila da Ayilan

Ban da kofunan dawaki, ana lissafa ƙasar da bargoginta suka fi cin tsere. Ayilan ce ke danne mai masauki a 'yan shekarun nan: 23 da 5 a 2021, 18 da 9 a 2024. Mullins shi kaɗai ya haura nasara 100 a bikin tun 2024, babu mai horarwar da ya taɓa kai nan. Fatan Ingila a 2025 ya rataya ne a wuyan dawakin Henderson biyu.

Abin da ya kamata mai kallo ya riƙe

A wannan wasa ba a cewa doki ya ci sai ya haye tudun. A 2015 goɗiya Annie Power tana gaba ba mai kamo ta, ta faɗi a shingen ƙarshe. A 2024 El Fabiolo, wanda kowa ya ba Champion Chase tun kafin a tashi, ya yi mummunan tuntuɓe aka tsayar da shi, Captain Guinness ya ci. Al Boum Photo na Mullins ya ci Gold Cup a 2019 da 2020, da ya zo neman na uku a 2021 sai ya ƙare na uku. Shi kansa Galopin Des Champs a 2022 ya tsallake shingen ƙarshe a wannan fili yana gaba da nisa, ƙafarsa ta lanƙwashe wajen dira ya kife, Bob Olinger ya wuce.

Don haka ranar Juma'a a duba abu uku: ko an yi ruwa a makon, yadda kowane doki ke dira a shingayen gangara, da wanda mahayinsa bai fara matsa masa ba har aka shawo kwanar ƙarshe. Mafi yawan lokuta wannan na ukun shi ne mai sauran ƙarfin hawa tudu.