Daga Kujerar Sarkin Fotugal zuwa Na'urar da ke Kwance a Durowa

A shekarar 1819 wani maƙeri a birnin Landan mai suna Frederick Rein ya ƙera wa Sarki João na Shida na Fotugal wata kujera da ba a taɓa ganin irinta ba. A ƙarshen kowane hannun kujerar ya sassaƙa kan zaki, baki a wangame. Duk wanda ya zo da magana sai ya durƙusa ya faɗe ta a bakin zakin, muryar ta bi ta wani rami a ƙarƙashin mazauni, ta hau wani siririn bututu da ke bayan kujerar zuwa kunnen sarki. Kunnen sarkin ya yi nauyi, kuma ba ya so talakawansa su riƙa ɗaga masa murya a fada. Da wannan dabara, abin da baƙo ya gani shi ne ladabin durƙusawa a gaban mai mulki, lalurar kuwa ta ɓuya a cikin katako.

Shagon Rein, wanda aka buɗe wajen 1800, shi ne na farko da ya mai da kayan taimaka wa ji sana'a. Abin da ya fi sayarwa shi ne ƙahon ji, wato kamar a ce kakaki ne aka juya: faffaɗan bakin yana tattaro sauti, tsukakken bakin yana cikin kunne. Irinsa Johann Mälzel ya ƙera wa mawaƙin nan Beethoven wajen 1813, kuma har yau suna ajiye a gidan tarihinsa da ke Bonn. Amma tun daga lokacin masu saye suka nuna abin da ya fi damunsu. An ɓoye ƙahon a cikin sandar dogarawa, da mafici, da hula, da tulun furanni na kan tebur, har da cikin gashin kan mata. Sau da yawa wanda ya fi ɓuya shi ya fi rashin amfani, duk da haka shi ake nema.

Canji na gaske ya zo ne ta hanyar wayar tarho. Alexander Graham Bell, wanda ya yi rajistar tarho a 1876, malamin kurame ne, mahaifiyarsa ba ta ji sosai, matarsa Mabel kuma ta kurumce tun tana ƙarama. Makirfon gawayi da aka inganta domin tarho shi Miller Reese Hutchison ya ɗauka a 1898 ya haɗa na'urar ji ta lantarki, ya kuma fito da ingantacciyarta mai suna Acousticon a 1902. Sarauniya Alexandra ta Ingila na cikin waɗanda suka yi amfani da kayansa. Na'urar tana ƙara sauti kaɗan, tare da ƙugi da tsaki masu yawa. A 1921 aka fito da Vactuphone, mai aiki da bututun gilashi irin na tsohuwar rediyo. Ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai akwati ce mai nauyin kusan kilo uku, mutum ya rataya ko ya aje a tebur.

Har zuwa wannan lokaci ana sayar da maganin abin da ba a iya aunawa. Likita yakan tsaya a nesa ya yi raɗa, ko ya riƙa matso da agogon aljihu har majinyaci ya ce ya ji bugunsa. Akwai kuma ƙarfen nan mai baki biyu da ake bugawa ya yi amo, a ɗora a ƙashin bayan kunne sannan a kai shi bakin kunne, gwajin da Heinrich Rinne ya bayyana a 1855 kuma likitoci ba su yar da shi ba har yau. Amma raɗar wannan likita ba ɗaya ba ce da ta wancan.

Kamfanin tarho ne ya gyara wannan, kuma saboda buƙatar kansa. Injiniyoyin Bell suna son sanin wane ɓangare na muryar mutum za a iya yankewa a kan waya ba tare da magana ta lalace ba, domin kowane ɓangare da aka bari kuɗi ne. Daga wannan bincike, wanda Harvey Fletcher ya jagoranta, tare da likitan kunne Edmund Fowler da injiniya R. L. Wegel, aka samu ma'aunin ji na Western Electric a 1922, da kuma taswirar da ake zana sakamakon a kanta. Desibel ma, ma'aunin ƙarfin sauti, a wannan gida aka haife shi, sunan Bell ne a cikinsa.

Wanda ya je gwajin ji a yau, a Kano ko a Kaduna ko a Yamai, gwajin 1922 ɗin ne ake yi masa da sabon inji. A sa shi a ɗakin da ba hayaniya, a sa masa abin saurare a kunne, a riƙa sako masa siraran sautuka daga hertz 250 mai kauri zuwa hertz 8,000 mai kaifi, a kowanne ana rage ƙarfi har a gano mafi ƙanƙantar abin da yake iya ji. Sifili a taswirar yana sama, kuma ba shiru yake nufi ba: matsakaicin jin matashi mai lafiyayyen kunne ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar ƙasa da desibel 20 a matsayin lafiyayyen ji. Tun da mafi raunin sauti ake nema, ƙaramin abu yana ɓata sakamako. Wanda ya wuni a gefen janareta ko injin niƙa, ko ya kwana a gaban lasifikar biki, kunnensa yana dushewa na ɗan lokaci, shi ya sa ƙa'idar masana'antu a Amurka take neman awa 14 ba ƙara kafin gwajin farko. Dauɗar da ta toshe kunne da mura mai ƙarfi ma suna rage ji. Kuma akwai magungunan da ya kamata a gaya wa mai gwajin an taɓa sha ko an yi allurarsu, irin su gentamicin da streptomycin da kwinin, domin sanannu ne wajen taɓa kunne.

Taswirar ta bayyana abin da iyalai suka daɗe suna gardama a kansa. Tsufa da ƙara suna fara cin sautuka masu kaifi, inda baƙaƙe irin su s da f da sh da ts suke. Wasula da karin sauti suna ƙasa, su sukan daɗe. Saboda haka dattijo yana jin murya sarai, yana jin tashi da faɗuwarta, amma "sata" da "fata" sun zame masa kalma ɗaya. Idan ya ce yana ji amma ba ya ganewa, gaskiya ya faɗa, ba taurin kai ba ne. Fowler ya ƙara gano wani abu a shekarun 1930: kunnen da ya lalace ta ciki ba ya jin ƙaramin sauti, amma da zarar sauti ya ɗan yi ƙarfi sai ya zame masa tsawa. Wannan ne dalilin da Baba zai ce "me ka ce?" sau biyu, a na uku ya ce kada a yi masa ihu. Na'urar da aikinta kawai ƙara komai ba za ta taɓa gamsar da irin wannan kunne ba.

A ganina, darasi mafi girma a wannan tarihi daga asibitin soja ya fito. Yaƙin Duniya na Biyu ya mayar da dubban sojojin Amurka gida da kunnuwan da igwa da jirage suka lalata. A asibitin Deshon da ke Pennsylvania, wani masanin magana mai suna Raymond Carhart ya tsara yadda za a karɓe su. Soja yakan zauna makonni. A gwada masa na'urori daban-daban, a auna kalmomi nawa yake ganewa da kowacce, a koya masa karanta leɓe, a horar da shi saurare a cikin hayaniya, a zauna da shi a kan fushi da kunyar da ke tattare da lalurar. Bayan yaƙi Carhart ya koma Jami'ar Northwestern, kuma daga aikinsa ne ilimin ji ya zama fanni mai zaman kansa. Abin da suka fahimta shi ne, ƙwaƙwalwar da ta yi shekaru ba ta samun wasu sautuka takan manta yadda ake tace su. Ranar da aka sa na'ura, ƙarar cokali a kwano, da kukan fanka, da takun takalmi, da muryar mutum kansa, duk su taso gaba ɗaya. Sabawa tana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, kuma ba ta samuwa sai ana sa na'urar kullum, a fara da gida da hira da mutum ɗaya kafin a shiga kasuwa ko taron ɗaurin aure.

Masana'anta kuwa hanyar ƙanƙancewa ta ci gaba da bi. An ƙirƙiro tiransista a 1947, kuma na'urar ji ta Sonotone ta 1952 ta riga rediyon aljihu amfani da ita da shekara biyu. Ba da jimawa ba aka cusa na'urar a cikin hannun tabarau, sannan bayan kunne, sannan cikin ramin kunne. A 1996 kamfanonin Widex da Oticon na Denmark suka fito da masu ƙwaƙwalwar kwamfuta, waɗanda ke ƙara raunanan sautuka su danne masu ƙarfi, kowane mataki daidai da taswirar mai ita. Matsalar da Fowler ya gano ta samu amsa bayan shekaru da dama. Kunyar dai ba ta tafi ba. Lokacin da Shugaba Reagan ya bayyana da na'ura a kunne a 1983, labari ne a jaridu, ciniki kuma ya tashi, abin da ke nuna yawan mutanen da suke jiran wani babba ya fara. A wurinmu tabarau alamar karatu ne, na'urar kunne kuwa alamar kurumta, kuma kalmar "kurma" ba ta bambanta wanda bai taɓa ji ba da wanda ya rasa kashi ɗaya cikin uku na jinsa.

Yanzu na'urar ta fara fita daga hannun likita gaba ɗaya. Tun Oktoban 2022 ana sayar da ita a kantunan Amurka ba da takardar asibiti ba ga masu ƙaramar matsala, a 2024 kuma aka amince wa AirPods Pro na Apple su yi wannan aiki, har da gwajin ji ta waya. Wannan zai sauke farashi, kuma matashin da ke yawo da abin saurare a kunne ba wanda zai ce masa kurma. Sai dai rabin aikin Carhart ne ake sayarwa, rabin da ke shiga kwali. Ɗaya rabin, wato komawa bayan mako biyu ko wata ɗaya a ce muryata tana yi mini amsa-kuwwa, ko ƙarar kwanuka ta yi yawa, a sake saiti, a gyara abin da ke zama a kunne, yana buƙatar mutum mai horo a kusa. Na'urorin da ake rabawa kyauta a taron kwana ɗaya, ko ɗa ya aiko wa mahaifinsa daga waje ba tare da taswirar jinsa ba, galibi a nan suke makalewa, su ƙare a durowa da mataccen batir.

Najeriya tana da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna tun 1999, da sassan kunne, hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa. Rahoton ji na duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya ce mutum miliyan 430 ne ke buƙatar taimako a kan jinsu, kuma kashi 17 cikin ɗari kawai na waɗanda na'ura za ta amfana suke amfani da ita. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, in ji rahoton, kashi 93 cikin ɗari ba su kai ƙwararren ji ɗaya ga kowane mutum miliyan ɗaya ba.