An Ba da Lada, An Manta da Garkuwa

A watan Disamban 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, zamanin minista Kemi Adeosun, ta fito da tsarin kwarmata bayanai: wanda ya tona inda aka ɓoye dukiyar gwamnati, aka kuma ƙwato ta, zai samu kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari. Kafin a je ko'ina, a Afrilun 2017, jami'an EFCC suka shiga wani gida a Ikoyi suka fito da tsabar kuɗi sama da dala miliyan 43. Gari ya ɗauka, kowa na zancen lada. Ba a cika tambayar me zai faru da mai tonon ba idan ya koma ofis ranar Litinin.

Ba shi da cikakkiyar garkuwa kuwa, domin tsari ne na ɓangaren zartarwa, majalisa ba ta mayar da shi doka ba. 'Yar kariyar da ake da ita a warwatse take. Dokar ICPC ta 2000 ta hana bayyana sunan wanda ya kai rahoto. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, a sashe na 27, ta kare ma'aikacin da ya fallasa ɓarna daga tuhuma. Majalisar Dattawa ta amince da cikakken ƙudiri a 2017, ya maƙale a hanya. A Disamban 2022 majalisar zartarwa ta amince da sabon daftari, gwamnatin Buhari ta sauka bai zama doka ba.

Wanda wannan giɓi ya fi ci shi ne ma'aikacin ƙaramar hukuma. Garambawul na 1976 ne ya mayar da ƙananan hukumomi mataki na uku na gwamnati, yau su 774 ne, amma linzaminsu ya daɗe a hannun gwamnoni. Tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa da jiha, sannan ƙarin girma da canjin wurin aiki da ladabtarwa na manyan ma'aikata suna hannun hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta. To akawun da ya ga sunayen ma'aikatan bogi a takardar albashi, ko kwangilar rijiyar burtsatse da aka biya ba a haƙa ba, wa zai kai wa ƙara? Ba sai an kore shi ba ma. A tura shi ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, a riƙe masa albashi, ya isa. Ga shi a garin da kowa ya san kowa: ciyaman surukin maƙwabcinsa ne, a masallaci ɗaya suke Juma'a, kafin magariba dattawa sun iso gidan mahaifinsa ba da haƙuri. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin ɓoye suna ba ya aiki a ofishin da mutum uku kaɗai ke ganin takardar biyan kuɗi.

Gana ta riga mu tun 2006 da dokarta mai lamba 720, wadda ta haramta muzguna wa mai fallasa a wurin aiki, ta kuma yarda ya kai maganarsa ga basarake, ko shugaban addini, ko ɗan majalisar gunduma. Masu rubuta ta sun san inda talaka ke kai kukansa.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Idan aka aiwatar da hukuncin yadda yake, kuɗi masu yawa za su riƙa sauka a sakatariya, su bi ta teburin akawun nan da ko shekarunsa na fansho ba su cika ba.