Bijin-ga: Tarihin Hotunan Kyawawan Mata a Bugun Katako na Japan

Bijin-ga suna ne da Japanawa ke kiran zanen kyawawan mata da shi. Reshe ne na fasahar ukiyo-e, wadda ta bunƙasa a birnin Edo, Tokyo ta yanzu, tsakanin 1603 da 1868. Tun farko ta hanya biyu ake yin sa. Akwai wanda mai zane ke yi da hannunsa a kan siliki ko takarda, guda ɗaya tak, sai mai hali ke saye. Akwai kuma na bugu, wanda ake fitarwa ɗaruruwa daga allunan katako, ana sayar da shi a kan kuɗin da bai wuce na kwanon taliya da yawa ba.

Hishikawa Moronobu, wanda ya rasu a 1694, shi ake ɗauka uban wannan fanni. Zanensa na wata mace mai jar riga da ta waiwayo tana tafiya yana gidan tarihi na ƙasa a Tokyo har yau, kuma na hannu ne. Bugun farko da baƙar tawada kaɗai ake yi, wani lokaci a shafa launi da hannu daga baya. Sai a 1765 Suzuki Harunobu da abokan aikinsa suka fito da bugu mai launuka da yawa, wanda aka kira nishiki-e. 'Yan matan Harunobu sirara ne, masu ƙananan hannaye, kuma shi ya yayata sunan Osen, mai kawo shayi a wani shago na Kasamori. A shekarun 1780 Torii Kiyonaga ya zo da mata dogaye, masu tsayuwar ƙasaita.

Aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Mai ɗab'i ke zuba jari, mai zane ya zana, masassaƙi ya manna zanen a kife a kan allon itacen ceri ya sassaƙe duk inda ba layi, zanen asalin kuwa ya lalace a nan take. Kowane launi da allonsa. Mai bugu zai shafa launi haɗe da ƙullun shinkafa, ya ɗora takarda mai ɗan laima a kan wata alama da aka yanka a gefen allo domin launuka su faɗa daidai, ya goge bayanta da wani faifai da aka naɗe da ɓawon gora. Wurin da ya fi wuya shi ne gaban goshi, inda ake fitar da silin gashi ɗaya bayan ɗaya, kuma babban masassaƙi kaɗai ake bar wa shi. Abin takaici, sunan mai zane ne ke fitowa a takarda, na waɗannan gwanaye galibi ya ɓata.

Kitagawa Utamaro ne ya kai fannin ƙololuwa a farkon shekarun 1790, tare da mai ɗab'i Tsutaya Juzaburo. Ya matso da fuska kusa, daga ƙirji zuwa sama, ya cika bayan hoton da garin wani dutse mai ƙyalli. Da karkatar wuya ko yadda yatsu suka riƙe wasiƙa yake nuna abin da ke zuciyar mace. Hukuma ba ta ƙyale shi ba. Tun 1790 sai an buga hatimin amincewa kafin hoto ya fita, daga baya aka hana rubuta sunayen matan da ba na unguwar karuwai ta Yoshiwara ba, shi kuwa ya riƙa ɓoye sunayen cikin 'yan zane-zane na kacici-kacici, har aka hana wannan ma. A 1804 aka kama shi saboda hoton da ya yi na Toyotomi Hideyoshi, wani tsohon mai mulkin Japan, aka sa masa ankwa ta kwana 50, ya rasu a 1806.

Ya kamata mai kallo ya tuna cewa yawancin hotunan nan tallar Yoshiwara ce, unguwar karuwai da hukuma ta amince da ita tun 1617. Da yawa daga matan da ke cikinta iyaye matalauta ne suka ba da su tun suna yara a kan bashi, kuma cuta ta kashe da yawa da ƙuruciyarsu. Tsadaddun tufafi da kitson da ke cike da tsinkunan ado ba sa nuna wannan.

Da hotunan suka isa Turai, kwaikwayonsu da fenti ya fara. A watan Mayu na 1886 mujallar Paris Illustré ta sa hoton wata mace na Keisai Eisen a bangonta, a juye. A 1887 Vincent van Gogh ya kwafe shi da fentin mai, ya ƙara masa girma, ya kewaye shi da gora da kwaɗi da tsuntsaye. Zanen yana gidan tarihinsa a Amsterdam. Mary Cassatt, Ba'amurkiya, ta ga nunin hotunan Japan a Paris a 1890, ta fitar da nata bugu goma na mata a shekarar da ta biyo.

A Japan kuwa hoton kyamara ya kusa kashe sana'ar, sai Watanabe Shozaburo ya farfaɗo da ita daga 1915, aka sami Hashiguchi Goyo da Ito Shinsui. Kamfanin Adachi na Tokyo, wanda aka kafa a 1928, har yanzu yana sake sassaƙa alluna yana buga tsofaffin hotunan da hannu. Irin wannan kwafi ya fi kusa da asali fiye da na fentin mai a kan ƙyalle da ake sayarwa don adon ɗaki. Fenti mai kauri yana zama a saman ƙyalle, ya haɗiye siririn layin gashi, alhali launin bugu shiga yake cikin takarda, har ana ganin sawunsa ta baya idan an juya ta.