Asid da Bes

Asid da bes rukuni biyu ne na sinadarai masu kashe kaifin juna; idan suka haɗu sukan samar da gishiri da ruwa. Asid yana da tsami, kamar na tsamiya, lemon tsami da nono. Bes kuwa yana da santsi a hannu, irin na kanwa da ruwan toka.

Ana auna su da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14. Ƙasa da 7 asid ne, sama da 7 bes.

A ƙauyukan Ɗambatta da Bichi ɗalibi zai iya gwadawa a gida: a jiƙa zoɓo, a ɗiga ruwan kanwa, jan ya rikiɗe ya yi duhu-duhu, a matsa lemon tsami, ya dawo jawur. Yawan zuba takin yuriya yana ƙara wa ƙasar gona tsami, toka kuma tana rage shi.